Matambayi ba ya ɓata: yadda ake gane rumbunan ajiya da ke jikin kwamfuta

Duk wanda ya bi babbar hanyar mota da ta taso daga Yamai, ya ratsa Birnin Ƙonni, ya kai mararrabar Tsarnawa, ko ya miƙe gabas zuwa Malbaza da Galmi, ko ya karkata arewa wajen Badagishiri da Illela, zai tarar da wuya a sami ma'aikatar da ba ta da kwamfuta, wadda ƴan bariki ke kira ordinatar. Akwai ta a ofishin magajin gari inda ake rubuta takardun haihuwa da na aure, akwai ta a gidan likita, a lakwal, a wurin ƴan duwan na bakin iyaka, har da shagunan samarin da ke tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi da fina-finai cikin wayoyinsu. Abin da dā ake rubutawa cikin manyan rajistoci a jera bisa kanta, yau ya koma cikin wani faifai da ido ba ya ganin rubutunsa, ko cikin ɗan ƙaramin abin nan da ake ratayawa tare da makullan babur, wanda mutanen Nijar ke ce wa kile, na ƙetaren iyaka kuwa su ce filash.

Wannan sauyi ya kawo sauƙi mai yawa, ya kuma kawo wani haɗari da ba a san shi ba a zamanin takarda. Rajista sai gobara ko gara ko ruwan sama su ci ta, kuma ana ganin ɓarnar tun tana tafe. Faifan kwamfuta kuwa, kuskuren harafi ɗaya ya isa ya share aikin shekara goma cikin ƙiftawar ido. Mafi yawan irin wannan hasara tana faruwa ne domin mai aiki bai tabbatar da wane rumbu yake taɓawa ba. Alhali kuwa injin da kansa yana iya faɗin abin da ke jikinsa filla-filla, in dai an san yadda ake tambayarsa.

Daga kantar takardu zuwa ƙwayar gero

Rumbun ajiya, a maganar kwamfuta, shi ne duk wani abin da ke riƙe rubutu da hoto da murya bayan an kashe wuta. Faifan ƙarfe na farko kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da shi a 1956. Yana da faya-fayai 50 jere, faɗin kowane ya kai santimita 60, nauyin injin ya kusa tan guda, kuma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, watau ko hoto biyu na wayar zamanin nan zai cika shi. A 1971 aka sami faifai mai laushi da ake zarewa a sa aljihun jaka, wanda tsofaffin sakatarori ke tunawa da sunan disket. A cikin shekarun 1980 wani injiniyan Japan mai suna Fujio Masuoka, na kamfanin Toshiba, ya ƙago ma'ajiyar da ba ta da wani abu mai juyawa a cikinta. Daga wannan ƙirƙira aka sami katin SD a 1999, da kile na farko a 2000 mai ɗaukar megabait 8 kacal, da ɗan ƙaramin katin waya a 2005, wanda bai fi farcen yatsa ba.

Saboda haka kwamfutar ofis guda tana iya ɗauke da rumbu huɗu ko biyar a lokaci ɗaya: faifan ciki wanda babbar manhaja ke zaune a kansa, faifan waje da ake jonawa da igiya domin ajiyar tsaro, kile ɗaya ko biyu, da katin da wani ya zaro daga wayarsa. Hotunan da ke bisa allo, waɗanda ake dannawa da linzami, ba su nuna dukkansu. Rumbun da ba a tsara ba, ko wanda aka tsara shi da tsarin da manhajar ba ta iya karantawa, ko wanda ya fara lalacewa, sau da yawa ba ya bayyana ko kaɗan. Daga nan sai mai aiki ya ce kile ya mutu, ya jefar da shi, ko kuma injin ya tambaye shi ko a tsara faifan sabo, shi kuwa ya amsa da to, bai san ya ba da izinin share kome ba.

Baƙin allo

Bayan hotunan nan masu launi akwai wata ƙofa da ta girme su. Ita ce layin umurni, wanda yara masu gyara ke kira baƙin allo, domin ba a ganin kome a cikinsa sai haruffa da ɗan layi mai ƙyaftawa yana jiran a rubuta. Wannan hanya ta bunƙasa ƙwarai da manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1969. Dabararsu ita ce a ba kowace na'ura da ke jikin injin suna irin na takarda, a tara sunayen cikin jaka guda mai suna « /dev ». Linus Torvalds, ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya bi wannan tsari sa'ad da ya fitar da Linux a 1991. Yau Linux ce ke tafiyar da mafi yawan manyan injunan intanet, kuma ita ce zuciyar wayoyin Android da ke hannun manoma da fatake daga Tajaye har Dogarawa.

A cikin Linux, faifan da injin ya fara gani shi ake kira « sda », na biyu « sdb », na uku « sdc », haka har ƙarshen haruffa. In an raba faifai gida-gida, kowane ɓangare yana samun lamba a bayan sunan: « sda1 », « sda2 ». Sababbin faya-fayai masu sauri da ke cikin ƙananan kwamfutoci na yanzu sunansu « nvme0n1 », ɓangarensu na farko kuwa « nvme0n1p1 ». Katin da aka sa cikin ramin jikin injin yakan fito da sunan « mmcblk0 », na'urar karanta faifan CD kuma « sr0 ».

Umurnin da ke jera waɗannan duka shi ne « lsblk », wanda aka shigar cikin kayan aikin Linux a 2011. Mutum ya rubuta haruffan nan biyar ya danna maɓallin shiga, sai injin ya zana masa jerin rumbuna kamar reshen itace, kowane faifai da ɓangarorinsa a ƙarƙashinsa. Wannan umurni karatu kawai yake yi, ba ya canza kome, don haka ko ɗan koyo yana iya maimaita shi sau ɗari ba tare da fargaba ba. A saman jerin akwai kanun ginshiƙai. NAME shi ne suna, SIZE girma, TYPE ya nuna ko faifai ne sukutum ko ɓangare. RM in ya nuna 1 to abin cirewa ne, RO in ya nuna 1 to an kulle shi, ana karantawa ba a rubutawa. Ginshiƙi na ƙarshe ya nuna jakar da aka ɗaura rumbun a kanta. Inda aka ga alamar « / » ita kaɗai, nan ne babbar manhaja take zaune, kuma faifan da ke ɗauke da wannan ɓangare shi ne wanda ba a wasa da shi.

Ana iya neman ƙarin bayani. In an rubuta « lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL,TRAN », injin zai ƙara sunan ƙirar faifan da lambar da masana'anta ta buga masa, da hanyar da ya shigo, ko « sata » ta ciki ko « usb » ta waje. Wannan ginshiƙi na ƙarshe yana da amfani ƙwarai, gama babban faifan waje mai igiya yakan nuna 0 a ƙarƙashin RM tamkar na ciki ne, sai hanyar shigowarsa kaɗai ke tona asirinsa. Umurnin « lsblk -f » kuwa yana faɗin tsarin da aka jera kayan cikin kowane ɓangare da shi. FAT32 tsohon tsari ne da kusan kowace na'ura ke ganewa, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, abin da ya sa dogon fim yakan ƙi shiga kile ko da akwai sauran wuri. NTFS na Windows ne tun 1993, exFAT an yi shi a 2006 domin manyan katuna, ext4 kuwa na Linux ne tun 2008, kuma Windows ba ta buɗe shi da kanta. Faifan da ke da ext4 in an jona shi ga Windows, ita ce takan ce a tsara shi sabo, alhali kayansa suna nan lafiya lau.

Kama da wane ba wane ba ne

Abin da ya fi kome muhimmanci mai karatu ya riƙe shi ne cewa waɗannan sunaye ba na yanka ba ne. Injin yana raba haruffa ne bisa ga wanda ya riga zuwa, kamar yadda ake ba mutane lamba a layin gidan likita. Kilen da ya zama « sdb » da safe yana iya zama « sdc » da la'asar in an riga shi da wani. Mai gyaran da ya tayar da inji daga kile domin ya ceto takardun wata kwamfuta da ta ƙi tashi, zai iya tarar da kilen nasa ya ɗauki « sda », faifan mai ofis ya koma « sdb ». Wanda ya haddace suna jiya ya yi aiki da shi yau ba tare da ya sake dubawa ba, shi ne ke share gonar da ba tasa ba.

A ɗauki misalin sakataren wata ƙungiyar manoma. Filin noman rani na Ƙonni, wanda madatsun ruwan Mozage da Zango ke shayarwa, ya haura hekta 2,400, kuma ƙungiyoyin masu amfani da ruwa dole su riƙe lissafin wanda ke da kowane fegi da abin da ya biya na kuɗin ruwa. A ce sakataren yana da lissafin shekaru a faifan waje, ya jona shi tare da sabon kile da yake so ya tsara. In ya ba da umurnin tsarawa ga « sdb » yana zaton kile ne, ashe faifan lissafi ne, to gardamar da za ta biyo baya tsakanin wanda ya ce ya biya da wanda ya ce ba a biya ba, ba kwamfuta za ta raba ta ba. Haka abin yake ga mai awon albasa a Galmi, da magatakardan da ke riƙe da jerin ma'aikata a masana'antar siminti ta Malbaza, da malamin lakwal mai riƙe da makin jarrabawa.

Kada a ɗauka ƴan koyo kaɗai ke irin wannan tuntuɓe. Ran 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, wanda dubban masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu wurinsa, ya ba da umurnin sharewa a kan babban inji yana zaton yana kan na ko-ta-kwana ne. Kafin ya farga, kimanin gigabait 300 sun tafi, kuma aikin sa'a shida na masu hulɗa da kamfanin bai dawo ba har abada. Kamfanin da kansa ya bayyana wa duniya yadda abin ya faru.

Maganin wannan mai sauƙi ne. A rubuta « lsblk » kafin a jona kile, a jona, a sake rubutawa. Sunan da ya ƙaru shi ne baƙon. Sa'an nan a gwada girma da sunan ƙira da abin da ke rubuce a jikin kilen. Domin aikin da za a riƙa maimaitawa kullum, kamar ajiyar tsaro ta ƙarshen mako, akwai sunaye masu dorewa. Umurnin « blkid » yana nuna wata doguwar lamba da ake kira UUID, wadda ake ba ɓangare ran da aka tsara shi, ba ta kuwa canzawa sai an sake tsarawa. A cikin jakar « /dev/disk/by-id » kuma kowane faifai yana da suna da aka haɗa daga ƙirarsa da lambar masana'anta. Waɗannan su ne katin shaidar rumbu, harafin « sdb » kuwa lambar layi ce kawai.

Ga masu aiki da Windows

Mafi yawan ofisoshin jahar Tawa da Windows suke aiki, kuma ita ma tana da nata baƙin allo. Tun zamanin MS-DOS na 1981 ake ba rumbuna haruffa. A da B an ware su ga disket, shi ya sa faifan ciki ya zama C har yau, bayan disket ta daɗe da ɓacewa. Mutum ya buɗe layin umurni da izinin mai kula da inji, ya rubuta « diskpart », sa'an nan « list disk ». Za a jera masa faya-fayai da lamba daga 0, kowane da girmansa. Ko da injin na Faransanci ne, amsa ce kawai ke zuwa da Faransanci, umurnin kansa ba ya canzawa. In ya rubuta « select disk 1 » ya bi da « detail disk », zai ga sunan ƙirar faifan da ko ta USB ya shigo. « list volume » kuwa yana nuna ɓangarori da haruffansu, har da waɗanda ba a ba su harafi ba, wanda shi ne dalilin da ya sa wani kile ba ya fitowa a allo ko da lafiyarsa ƙalau. A sababbin Windows, tun daga ta 8 da ta fito a 2012, akwai « Get-Disk » a cikin PowerShell, mai ba da lamba da suna da girma da halin lafiya a layi guda. Masu injin Apple kuwa « diskutil list » suke rubutawa.

A nan ma akwai rami. Cikin « diskpart » akwai umurnin « clean », wanda ke share taswirar ɓangarorin faifan da aka zaɓa, kuma ba ya tambayar ko an tabbata. Wanda ya zaɓi 1 a maimakon 2 sai dai ya ga aiki ya gama. In haka ta faru, abu na farko shi ne a daina taɓa faifan, kada a rubuta kome a kansa, gama kayan suna nan, taswirar ce ta ɓace. Manhajar TestDisk, wadda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta ya kuma bayar kyauta, takan iya sake gano iyakokin ɓangarorin. Amma « clean all » yana bin faifan daga farko har ƙarshe yana cika shi da sifili, bayansa babu ceto.

Wata matsala da ta zama ruwan dare a shagunan buga takardu ita ce ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Mai kile ya ga babu kome ya fara salati. Amma in an duba girman abin da ke ciki aka ga rumbun bai koma fanko ba, to kayan ɓoye su aka yi. Umurnin « attrib -h -r -s /s /d E:\*.* », in E ne harafin kilen, yana cire musu mayafin. Bayan haka sai a wanke kilen da injin da maganin ƙwayar cuta, in ba haka ba gobe ma za ta dawo.

In injin bai ga kome ba

Wani lokaci a jona kile, « lsblk » bai nuna wani sabon suna ba. A nan ake bin sawu mataki-mataki. Umurnin « lsusb » yana jera duk abin da ke jone ta ƙofofin USB, ko rumbu ne ko linzami ko injin buga takarda. « dmesg » kuwa littafin tarihin injin ne, inda yake rubuta duk abin da ya same shi tun da aka kunna shi, kuma layukan ƙarshe su ne labarin abin da aka jona yanzu. In babu labari a ko'ina, laifin na ƙofa ne ko igiya ko ƙarancin wuta, sai a gwada wata ƙofa, a kuma busa ƙurar hunturu da ke taruwa a ciki. In « lsusb » ya gan shi amma girmansa ya fito sifili, to ƙwaƙwalwar da ke gaisawa da inji tana da rai, ma'ajiyar ce ta sami matsala. Wayar Android kuwa ba za ta fito a jerin rumbuna ba ko da an jona ta, domin ba ta miƙa ma'ajiyarta kai tsaye, fayil-fayil take bayarwa ta wata hanya dabam. Wanda ke son ganin katinta a matsayin rumbu sai ya zaro shi ya sa cikin na'urar karanta kati.

Awo da cinikin biri a sama

Sau da yawa mai saye yakan koma wurin ɗan tireda da faɗa, ya ce an sayar masa da kile mai lamba 32 ga shi inji ya nuna ƙasa da 30. A nan ɗan tireda ba shi da laifi, tiya biyu ce ake awo da ita. Masana'anta na lissafin gigabait ɗaya, wanda Faransanci ke rubutawa Go, a matsayin bait 1,000,000,000. Injin kuwa da ninkin biyu yake ƙirga, gigabait ɗinsa bait 1,073,741,824 ne. Don haka faifai mai 500 yana fitowa 465.8, mai 1,000 ya fito 931.5, kile mai 32 kuma ba ya wuce 29.8. Wanda ya san waɗannan lambobi zai gane faifansa cikin jeri da kallo ɗaya.

Zamba ta gaskiya wata ce dabam, kuma ta fi wuyar ganewa. Kasuwannin bakin iyaka irin na Ƙonni da Illela ta Najeriya, wadda ba ita ce Illela ta Adar ba, kaya daga ko'ina suke shigowa cikinsu, mai kyau da marar kyau. A duniya duka ana samun kile da katin da aka sauya wa ƙwaƙwalwa domin su yi shelar girman da ba su da shi. Kati mai gigabait 8 na gaskiya sai ya ce shi 128 ne. Yana karɓar kaya lafiya har ya cika 8 ɗin, daga nan duk abin da aka ƙara sunansa kawai ke shiga jeri, in an buɗe sai a tarar da shi a lalace. A nan ne iyakar « lsblk » da « diskpart » take, domin abin da rumbun ya faɗa musu shi suke maimaitawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai: manhajar f3 a Linux da H2testw a Windows suna cika rumbun da rubutu daga farko har ƙarshe, su sake karantawa, su faɗi nawa ne ya dawo daidai. Gwajin yana cin lokaci, wani sa'in sa'o'i, kuma a kan sabon kile fanko ake yin sa. Araha ba ta ado, kilen da kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na tsaransa shi ya fi cancantar gwaji.

Zafi da ƙura da yankewar wuta

Ƙasar Ƙonni da Adar ba ta da sauƙi ga injuna. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, da hunturu kuwa ƙura ta toshe hanyoyin iska. Ga kuma wutar lantarki. An buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, amma a lokacin babban kaso na wutar Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma sa'ad da aka yanke ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 kowa ya ga yadda ofisoshi suka koma kan janareta. Wutar da ta ɗauke ana tsakiyar rubutu tana iya bar wa rumbu taswira rabi. Haka ma fizge kile ba sallama, gama injin yakan riƙe wani kaso na rubutun cikin ƙwaƙwalwarsa kafin ya sauke. Umurnin « sync » yana tilasta masa saukewa, « umount » kuma yana kwance rumbun daga jakarsa, sa'an nan a zare.

Faifan ciki yana riƙe da nasa katin asibiti. Umurnin « smartctl -a /dev/sda » yana nuna zafinsa, da yawan sa'o'in da ya yi a kunne, da adadin wuraren da suka lalace aka sauya su. Shekara ɗaya sa'a 8,760 ce, saboda haka kwamfutar da aka kawo daga Turai aka ce ba ta sha aiki ba, in faifanta ya nuna sa'a 26,000, ya yi kusan shekara uku bai huta ba. Adadin wuraren da suka lalace in ya fara hawa, lokacin kwashe kaya ya yi. Sai dai wannan kati ba ya ganin kome da kome. Wani bincike da injiniyoyin Google suka buga a 2007, a kan faya-fayai fiye da 100,000, ya nuna kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba kafin mutuwarsu. Ajiya a wuri biyu, ɗaya kuma a wani ɗaki dabam, ita ce rigakafin da ya fi magani.

Amana ce

Dokar 1 ga Yuli 2019 da ta sake tsara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Nijar ta buɗe hanyar shigar da wannan aiki cikin kwamfuta, kuma tun 2017 ƙasar take da dokar kare bayanan sirri na mutane. Ma'anar wannan ita ce faifan ofis ba kayan sakatare ba ne. A cikinsa akwai shaidar yaron da zai nemi shiga jarrabawa, da haƙƙin gwauruwar da ke jiran fansho, da iyakar gonar magada. Tsohuwar kwamfutar da za a sayar ko a bayar, sai an duba jerin rumbunanta an tabbata ba a bar wani faifai na biyu cike da sunayen mutane ba.

Shugabannin ma'aikatu a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela ba su bukatar kasafin kuɗi domin wannan gyara. Ya isa a rubuta lambar masana'anta da girman kowane faifai cikin ɗan littafi, a manna wa kowane kile takarda da sunansa, a kuma sa wa duk mai taɓa injin doka guda, ko ma'aikaci ne ko mai gyara na kasuwa: kafin a tsara, kafin a share, a cire duk rumbun da aikin bai shafa ba, a jera sauran a baƙin allo, a karanta suna da girma sau biyu. Malaman makarantun koyon sana'a su ma su fara wa ɗalibansu da umurnin da ke dubawa kafin su koya musu wanda ke gogewa. Minti ɗaya wannan tambaya take ci, kuma injin ba ya gajiya da amsawa.